Shafin da Ban Karanta wa Baba Ba

Ranar wata Laraba a cikin watan Yunin 1999, makonni kaɗan bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata a-kori-kura ta daki motar mahaifina a mahaɗar da ke gindin Goron Dutse. Mu biyu ne a motar: Baba yana tuƙi, ni ina gefensa. A-kori-kurar tana ɗauke da direba, da mutum biyu a gaba, da wasu da ban ƙirga ba a baya, a tsaye, riƙe da tuta. Ba wanda ya mutu. Gilashi ya yanki Baba a bayan hannu, kuma iyakar jinin da ya zuba a ranar ke nan.

Da labarin ƙarfe shida ne, haka zan rubuta shi in tsaya. A lokacin aikina ke nan, ina fassara labarai ina karanta su a rediyo.

Motar baƙa ce, ƙirar Ingila, ta girme ni da shekara biyu. Baba ya saye ta yana malamin asibiti, a hannun wani Baturen likita da zai koma gida. Sitiyarinta a dama yake, don an ƙera ta tun ana tuƙi a hannun hagu. Da aka sauya hannu, masu irinta suka rabu da su ɗaya bayan ɗaya, Baba ya ƙi. Saboda haka duk wanda ya zauna a gaba shi ne idon direba. In Baba zai wuce babbar mota sai ya ce, "Duba min." Kai kuma ka leƙa ka ce masa "tafi" ko "dakata". Na fi shekara ashirin ina wannan aikin. In na ce tafi, tafiya yake, ba ya ƙara leƙawa da kansa.

Mota ba ta shiga lungunmu a Zaitawa. A bakin lungun akwai wani tsohon shagon dukanci da Baba ya saya ya faɗaɗa ƙofarsa, a nan take kwana. Duk ranar Alhamis da hantsi yakan fito da ita ya wanke da kansa, ya goge katakon gabanta da tsumma na daban. 'Yan unguwa Gwaggo suke ce mata. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta raka gawa, ta ɗauko alhazai daga filin jirgi. Bayan ya yi ritaya, ita ce kaɗai abin da ya rage masa wanda yake iya cewa "bari in je" ba tare da ya nemi kowa ba.

Shekara da shekaru inshorar da yake yi mata ita ce wadda kowa yake yi. Ana sayenta a gindin bishiya a bakin ofishin lasin. Wani mutum mai tafireta zai buga sunanka da lambar motarka a takarda mai hatimi, ka karɓa ka ninke. Amfaninta ɗaya: in an tsayar da kai a shinge ka nuna. Baba layar 'yan sanda yake kiranta. Bai taɓa zaton akwai kamfani a bayanta ba, shi ma mai tafiretan bai taɓa cewa akwai ba.

Ni na kawo sauyin. An gayyaci wani ma'aikacin inshora cikin wani shirinmu, aka sa ni tafinta. A nan na fahimci abin da ban taɓa lura da shi ba. Ƙaramar inshora da doka ta wajabta, ko da ta gaskiya ce, wanda ka buge take biya. In kai aka buge, sai ka koma kan inshorar wanda ya buge ka. In kuwa shi laya ce a aljihunsa, ba ka da wurin zuwa, sai in ka yi babbar inshora, wadda take gyara motarka ko wa ya yi ɓarnar. Na fito daga ɗakin shirin na dubi titi, na ga kusan kowa laya yake yawo da ita.

Na sami Baba da maganar a zaure. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa faɗin sunana ba. In yana cikin raha Mai Labarai yake ce mini.

"Baba, in wani ya buge ka, kuma ba shi da komai, wa zai gyara?"

"Wanda ya ƙaddara a buge ni."

"Allah ya ce tashi in taimake ka."

"Yau kuma tafsiri ake a rediyon naku?"

Ban bari ba. Ya je ya tambayi malaminsa, aka ce masa wadda hukuma ta tilasta lalura ce, ɗayar kuwa malamai sun saɓa. Ya riƙe wannan amsa wajen wata biyu yana kare kansa da ita. Ban san abin da ya sauya masa ra'ayi ba. Ina zaton gajiya ya yi da ni.

A ofishin kamfanin, wani jami'i mai sanyin magana ne ya karɓe mu. Ya buɗe littafin da suke duba kimar motoci, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe, bai sami tamu ba. Ya ce in da shekaru za a bi, kimarta ba ta kai ta keke ba. Sai ya nemi ya gan ta da idonsa. Ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe murfin inji, ya shafa kujera. Rabin ma'aikatan ofishin suka fito kallo.

"Alhaji, wannan ai a gidan tarihi ya kamata ta riƙa kwana."

"Ni ma can ya kamata in riƙa kwana, ga ni kuwa a gabanka."

Aka ɗauke ta hoto ta kowane ɓangare. Aka yi yarjejeniya a kan kima ta musamman, jami'in ya rubuta da hannunsa ya buga hatimi, ya ce tsofaffin motoci irin wannan haka ake yi musu. Ya ba mu takardun sharuɗɗa, shafi huɗu da Turanci, mu je gida mu karanta, Alhaji ya sa hannu.

Baba yana karanta Turanci, amma idonsa ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Ya kuma ce abin da zai sa wa hannu yana so ya ji shi da Hausa. Muka zauna a tabarma a zaure bayan La'asar, ina karantawa ina fassarawa. Shafin farko, abin da kamfani zai biya. Na biyu, gobara da sata. Na uku, abin da ba ya biya: yaƙi, tarzoma, tuƙi cikin maye. Baba yana tsayar da ni yana tambaya, ina amsawa. Ina gama shafi na uku aka fara kiran Magariba.

A gidan rediyo akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane sabon ma'aikaci. Ana jera labari ne mafi muhimmanci a sama, marar nauyi a ƙasa, don in lokaci ya ƙure a yanke daga ƙasa ba a yi asarar komai ba. Hannuna ya saba da wannan har ba na tunani a kai. Na dubi shafi na huɗu, na ga ƙananan baƙaƙe masu lamba-lamba, na kife shi.

"Saura fa?" in ji Baba, yana neman takalminsa.

"Ƙa'idojin ofis ne, yadda ake cike takardu."

Ya karɓi biro ya sa hannu, muka tafi masallaci. Wannan wata biyar ke nan kafin haɗarin.

Ranar da abin ya faru an yi yayyafi da azahar, kwalta tana da santsi. Muna dawowa daga gaisuwar rasuwa. A-kori-kurar ta ɗauko mutane za su je taya sabon ciyaman murna. A makonnin nan kullum akwai wanda ake zuwa taya wa murna. Ta fito daga hannun dama, ɓangaren Baba. Na ga direban yana taka birki yana sakewa, bakinsa a buɗe. Sai ƙara.

Baba ya murɗa mukulli duk da injin ya riga ya mutu, ya zare ya sa a aljihu. Ƙofarsa ta ƙi buɗuwa, ta wajena ya fito. Gaban motar na dama ya shige ciki, fitila ta tarwatse, tayar gaba ta kwanta, ruwan lagireto yana bin kwalta. Kafin mu gama dubawa masu tutar sun watse, sun bar direban shi kaɗai.

Magidanci ne, zai kai shekara arba'in. Ya cire hula ya durƙusa a cikin ruwan.

"Alhaji, ka rufa min asiri. Wallahi birki ne. Tun safe nake gaya wa mai motar."

Na ce ya ba ni takardunsa. Ya zaro su a leda daga ƙarƙashin kujera. Ina ganin ta inshorar na gane ta: ta gindin bishiya ce, ita ma wa'adinta ya wuce.

Mutane suka taru. Wani ɗan unguwarmu da ke wucewa a keke ya dafe kai ya ce, "Wayyo Gwaggo!" Wani daga baya ya ce, "Sojoji duk ba su kashe ta ba, farar hula sun gama da ita a wata guda." Aka yi dariya kaɗan, aka dubi fuskar Baba, aka daina.

A daidai lokacin aka fito daga wani ƙaramin masallaci a gefen mahaɗar. Limaminsa, dattijo mai sanda, ya ratso taron. A birni haka ake raba haɗari in ba a rasa rai ba. Kafin hukuma ta zo, babba yakan shiga tsakani. A roƙi mai haƙƙi a gaban jama'a, in ya yafe a shafa Fatiha, magana ta mutu a wurin.

"Sannu, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Ƙarfe ne ya lalace, an gode Allah ba rai ba." Ya nuna direban da sanda. "Wannan bawan Allah ɗan unguwarmu ne, a sahun gaba yake salla. In aka kai shi caji ofis yau, ba a ɗora tukunya a gidansa."

"A yi haƙuri, Alhaji," in ji jama'a ta ko'ina. "Ƙaddara ta riga fata."

Baba ya daɗe yana kallon motar. Wani ya ɗaure masa hannu da hankici bai ma lura ba. Sai ya kama hannun rigata ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Takardar nan taka. Za ta gyara ta?"

"Za ta gyara, Baba."

"Ko da shi ba shi da komai?"

"Don irin wannan aka yi ta."

Ya sake ni, ya juya wajen direban. "Tashi. Na yafe maka, duniya da lahira."

Liman ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ni ma na shafa. Wani ɗan sanda ya iso a babur, aka ce masa, "An sasanta, ofisa." Ya dubi dattawan biyu, ya ce to a kawar da motocin daga hanya, ya wuce. Ba a auna komai ba, ba a rubuta komai ba. Janwe ya kai Gwaggo bakin lungunmu, maza suka taru suka cusa ta cikin shagon.

Washegari na je ofishin kamfanin ni kaɗai. Jami'in nan ne dai. Ya yi jaje, ya ɗauko fayil, yana rubutawa ina ba shi labari a tsare. Da na kai wajen Fatiha sai ya ajiye biro.

"Ina rahoton 'yan sanda?"

"Ba a yi ba. An sasanta a wurin."

"Alhaji da bakinsa ya ce ya yafe? A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

Ya buɗe shafi na huɗu, ya juyo mini shi, ya ɗora yatsa. Na karanta, Hausarsa tana zuwar mini a kai kamar yadda na saba. Duk haɗari a sanar da 'yan sanda. Mai inshora ba zai sasanta da kowa ba, ba zai sauke wa kowa alhaki ba, sai da rubutaccen izinin kamfani. In kamfani ya biya, haƙƙin bin wanda ya yi ɓarnar ya koma hannunsa.

"Malam," in ji jami'in, "Alhaji ya yafe abin da namu ne."

"Mutumin ba shi da abin da za ku bi. Ko rigar kirki ba shi da ita."

"Na sani. Galibi ma ba ma samun komai. Amma sai an bar mana ƙofar a buɗe." Ya cire tabarau ya murje ido. "Ni ma Bakano ne, na san yadda ake yi a titi. Wannan takarda ba a Kano aka rubuta ta ba."

Ya ce akwai hanya ɗaya, kuma zai riƙe fayil ɗin mako biyu. A je a shigar da rahoto da sunan direban. Sannan Alhaji ya rubuto cewa maganar da ya yi a bakin titi cikin firgici ya yi ta, ya janye. In an kawo waɗannan biyu, yana kyautata zaton za a biya. Na tambaye shi abin da zai sami direban. Ya ce tuƙi ba inshora, ga birki a lalace, kotu ce. Ko tara ko ɗauri, ya danganta da alƙali.

Na tarar da Baba a shagon, zaune a benci kusa da motar, hannunsa a ɗaure. Na gaya masa komai, na fara da mafi muni. Bai katse ni ba.

"Wato in je in ce ban faɗi abin da na faɗa ba."

"A'a. Ka ce a firgice ka faɗa."

"Ka ga alamar firgici a tare da ni?"

"Ban gani ba."

"To."

Bai tambaye ni ko na san da wannan sharaɗi ba, ni ma ban taɓo shi ba.

Kwana biyu bayan haka bakanikensa ya zo. Tsoho ne shi ma, tun suna samari yake taɓa motar, kuma shi kaɗai Baba yake bari ya buɗe injinta. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta ya daɗe. Da ya fito sai da na kama shi ya miƙe.

"Lagireto zan iya like shi. Jiki, fanal-bita zai buga ya fito. Amma ƙafar gaba ta karye, shasi ya lanƙwashe. Ƙafar nan babu irinta daga nan har Legas. Sai dai a aika Ingila, in ma can akwai sauran." Ya goge hannu. "Ni na tsufa, ita ta tsufa, wanda ya ƙera ta ya mutu."

Duk mun san fanshon Baba ba zai kai Ingila ba, albashina ma haka. In kamfani ya biya, za ta tashi. In bai biya ba, ta zauna ke nan. Na gaya wa bakaniken yadda muka yi da jami'in. Sai ya juya wajen Baba ya ce:

"Alhaji, a ce wanda ya buge ka ya gudu mana. Ai mutanen cikin motar sun gudu, ba duka ce ƙarya ba."

"Kai dai duba min ƙarfe, ka bar min fatawa."

"Fatawarka ce za ta sa ka hau acaɓa da babbar riga."

"In na hau, kai zan fara zuwa gaisarwa, ka gani ka ji daɗi."

Suka yi dariya su biyu. Bayan bakaniken ya tafi, Baba ya ɗauki tsumma ya shiga goge ɓangaren da bai sami komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, direban ya yi sallama a ƙofar shagon. Ya zo da ƙullin goro da wani kwali. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi hannu. Ya ce mai a-kori-kurar ya karɓe mukullinsa tun ranar, yanzu dako yake yi a kasuwa. Sai ya buɗe kwalin. Fitilar mota ce ya sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ta hannu, amma gilashinta lafiya lau. Mai kusurwa huɗu ce. Fitilun Gwaggo zagayayyu ne kamar faifai.

"Na san ba ta kai ba, Alhaji. Abin da ya sawwaƙa ke nan."

Baba ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya duba bayanta kamar mai shirin ɗaurawa. "Allah ya yi albarka. Za a gwada."

Na raka direban bakin titi. A aljihuna akwai takardar da zan cike wa 'yan sanda, kuma ana bukatar cikakken sunansa da inda yake zaune. Na tambaye shi. Ya faɗa mini har da sunan kakansa, ya kwatanta mini gidan lungu-lungu, fuskarsa a sake. Ya ce in ana neman direba a gidan rediyo, ya iya babbar mota ma. Na rubuta duka.

Da sabon mako ya shigo na koma masallacin mahaɗar. Na yi tunanin wanda ya ɗaure magana shi zai kwance ta. In liman ya ce wa Baba babu laifi, watakila ya ji. Na same shi a inuwar masallaci, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana jan carbi.

"Haƙƙin da mai shi ya yafe da bakinsa, cikin hankalinsa, ya faɗi ke nan. Ba ya dawowa."

"Amma Malam, kai ka sa shi."

"Ni roƙo na yi, shi ya amsa. Da na san akwai wata takarda a tsakani, da na ce a dakata." Ya dube ni. "Na ga kuma ya ja ka gefe kafin ya amsa. Me ya tambaye ka?"

Na yi masa sallama na tafi.

Ana gobe wa'adin zai cika, na buga wasiƙar janyewar a ofis. Na zaɓi kalmominta da kyau: babu inda ta ce Baba ya yi ƙarya, babu inda ta zargi direban da abin da bai yi ba. Na kai masa ita a zaure bayan La'asar, a tabarmar nan dai. Na ce ba abin da ya rage sai sa hannu, ni zan je caji ofis, ba sai ya taka ba.

Ya ajiye wasiƙar a gefe bai duba ba.

"Mai Labarai, ɗauko takardun nan na kamfani. Akwai shafin da ba ka karanta min ba."

Ashe ya ƙirga shafukan tun ranar farko. Na ɗauko. Na karanta shafi na huɗu daga sama har ƙasa, da muryar da nake karanta labarai, ban tsallake ko lamba ɗaya ba. Da na zo sharaɗin sasantawa ya ce in maimaita. Na maimaita: mai inshora ba zai sauke wa kowa alhaki ba sai da rubutaccen izinin kamfani.

"Ka iya fassara," ya ce. "Da ka karanta min wannan ran nan..."

"Da ka jira 'yan sanda. Na sani, Baba. Laifina ne."

"A'a. Da ban sa hannu ba. Mutum ya durƙusa a gabana cikin ruwa, in ce masa dakata in rubuta wa kamfani? Da na zauna da layata."

Na ce da layar ma ai motar ba za ta gyaru ba.

"Ba za ta gyaru ba. Amma da na san haka tun a bakin titin."

A lungu wata mata tana kiran mai kalanzir. Akwai tambayar da ta kwana goma sha uku a bakina, sai na yi ta.

"Baba, da a ranar na ce maka takardar ba za ta gyara ba, za ka yafe masa?"

Ya warware bandejin hannunsa, ya dubi ciwon, ya mayar.

"Ban sani ba. Shi ya sa na tambaye ka, don in san abin da nake bayarwa. Kai kuma ka ce min ba abin da zan rasa." Ya ɗauki wasiƙar ya ninke ta biyu ya miƙo mini. "Mutane suna ta yaba min, har liman ya aiko a gaishe ni. Ni kuwa ban san ko na cancanta ba, kuma yanzu ba yadda za a yi in sani. Abin da ya rage min shi ne kada in janye. Riƙe takardarka."

Na karɓa. Ya ce in yaga ɗayar ma, mai sunan direban, don ya ga lokacin da nake rubutawa. Na yaga a gabansa. Aka kira Magariba, ya nemi takalminsa.

Wa'adin ya wuce. Bayan wata guda kamfanin ya aiko da wasiƙa cewa an rufe fayil. Jami'in ya ƙara layi ɗaya da biro a ƙasa, yana gaida Alhaji. Baba bai sake yin wata inshora ba, babba ko ƙarama, don ba abin da zai yi wa. Masallacin Juma'a da ƙafa yake zuwa, da gwiwa ta gaza ya koma hawa acaɓa, yana tattare babbar riga a cinya. Gaisuwar da ta yi nisa ya daina zuwa, sai ya aike ni. Ranar Alhamis da hantsi bai fasa buɗe shagon ya goge motar a inda take ba, har tayoyinta suka sace suka manne da ƙasa.

Ya rasu shekara shida bayan haɗarin. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nemi motar, aka kira 'yan gwangwan. Da yake ba ta gungurawa, a cikin shagon suka yanka ta, suka kwashe a kura sahu huɗu. Fitilar mai kusurwa huɗu tana cikin but ɗin motar a kwalinta, suka haɗa da ita a awo.